Jan Suna a Dutsen Rihei: Tarihin Miyatake Kumezo, Masassaƙin Mure

Haihuwa da asali

An haifi Miyatake Kumezo a ranar tara ga watan Nuwamba na shekarar 1912, a ƙauyen Mure da ke gindin dutsen Goken a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, a gidan da amon guduma ke riga carar zakara. Mahaifinsa, Miyatake Isaburo, masassaƙin duwatsun maƙabarta ne wanda ya gaji sana'ar daga ubansa; mahaifiyarsa kuwa, Shika, 'yar masunta ce daga gaɓar Aji, wadda bayan aure ta koma gurzar dutse da yashi da ruwa har sai ya ɗauki hoton mai dubansa. Kumezo ne ɗan fari. An haifi mata uku a bayansa, dukkansu suka koma tun suna goye, sa'an nan a shekarar 1921 aka sami autan gidan, Rihei, wanda sunansa zai yi ta fitowa a wannan tarihi fiye da ƙima, domin babu yadda za a yi a ba da labarin ɗaya a bar ɗayan.

Isaburo mutum ne mai ƙarancin magana da yawan ƙa'ida. Akwai magana guda da ya yi ta nanata wa 'ya'yansa har suka haddace ta tun kafin su san ma'anarta: "Baki in ya yi ƙarya iska ta kwashe, takarda in ta yi ƙarya gara ta cinye, amma dutse in ya yi ƙarya, jikan jikanka sai ya zo ya karanta." Rihei yakan kwaikwayi muryar tsohon a bayan idonsa ya ba mutane dariya. Kumezo kuwa da ita ya rayu.

Karatu da koyon sana'a

A shekarar 1919 aka sa shi makarantar firamare ta ƙauyen, ya kammala a 1925 ba tare da ya yi fice a komai ba sai kyan rubutu. Daga nan ya shiga rumfar mahaifinsa, inda ya shafe shekara uku cur bai taɓa dutsen mai saye ba. Aikinsa shi ne hura wuta a maƙera da sassafe da gyaran bakin kurfi, wato ƙarfen da ake sassaƙa da shi, domin dutsen Mure taurin kai gare shi, kafin mutum ya shanye kofin shayi ya dakushe ƙarfe, kuma masassaƙi ɗaya yakan ci kurfi talatin a wuni. A shekara ta huɗu aka yarda ya daidaita fuskar dutse, a ta bakwai aka ba shi izinin sassaƙa haruffa, wanda shi ne ƙololuwar sana'ar, tun da nan ne kuskure ba shi da magani.

A damunar 1931, yayin da ake sauko da wani ƙaton dutse daga mahaƙa, igiya ta tsinke, dutsen ya danne masa ƙafar hagu. Ya warke, amma ɗingishi ya zama abokin tafiyarsa har abada, kuma saboda shi ne likitocin soja suka sallame shi a shekarar da aka kira sa'o'insa.

Shi kuwa Rihei, barewa ta yi gudu ɗanta ya ƙi ko rarrafen. Da aka sa shi hura wutar maƙera, dankali ya riƙa gasawa a ciki. Bayan an gwada faɗa an gwada lallashi, Isaburo ya haƙura, a 1935 ya tura shi birnin Takamatsu koyon murza taliya, yana cewa ƙullu ko an ɓata shi ana iya ci.

Aure da shekarun yaƙi

A watan Afrilu na 1937 Kumezo ya auri Kinue, 'yar wani mai fasa dutse a mahaƙar da ke saman ƙauyen, mace mai fara'a wadda ta karɓi aikin gurza daga hannun surukarta. Sun haifi Fusako a 1939, Noboru a 1942, Michiyo a 1946, da Shigeharu a 1950.

A 1942 aka ɗauki Rihei soja aka tura shi Manchuria. Shekara guda bayan haka ciwon ƙirji na ƙurar dutse, wanda shi ne ajalin yawancin masu wannan sana'a, ya kwantar da Isaburo. Kafin wa'adinsa ya cika ya nuna wa Kumezo wani dutse da ya ɓoye a bayan rumfa ƙarƙashin tabarma tun shekara ashirin da suka wuce, mai laushin ƙwaya da shuɗi-shuɗi, irin wanda mahaƙa ba ta bayarwa sau biyu a rayuwar mutum, ya ce masa: "Kada ka sayar. Ka ajiye sai aikin da hannunka zai yi rawa."

A shekarun nan aiki ya yi wa Kumezo yawa ta hanyar da babu mai yi wa kansa fatanta. Ya sassaƙa ginshiƙai masu tsinin kai na kaburburan sojoji sama da ɗari da ashirin, akasarinsu na samarin da ya sani tun suna wasan ƙasa. Takarda ke zuwa daga hukuma da rana da wuri, shi kuma ya kwafe a dutse.

Farin akwati

A watan Oktoba na 1946 tasu takardar ta iso, tana sanar da cewa Miyatake Rihei ya faɗi a fagen fama ranar sha huɗu ga Agusta, 1945. Tare da ita aka kawo ɗan farin akwatin katako naɗe da ƙyalle. Shika ta ce a buɗe ta ga ƙashin ɗanta. Da Kumezo ya buɗe, tsakuwa guda ya tarar tana gangarawa a ciki. Ya ɗauka ya jujjuya ta a tafin hannu, kuma mutumin da ya shekara ashirin yana karanta dutse ba ya bukatar a gaya masa komai.

"Inna, wannan ai tsakuwar hanyar jirgin ƙasa ce," in ji shi. "Ko teku ba ta haye ba."

"Ko ta ina ce, ita aka ba mu," in ji tsohuwar. "Ka yi wa ƙaninka gida, kada ya yi ta yawo ba masauki."

Kumezo bai yi gardama ba, kuma wannan shirun ne ya yi ta cin ransa daga baya, domin idonsa ya gaya masa babu shaida, ya bi takarda ya bar ido. Ya yaye tabarmar da ke bayan rumfa. Kwana arba'in ya yi a kan dutsen, hannunsa ya yi rawa kamar yadda aka faɗa masa, amma duk wanda ya san sana'ar ya shaida bai taɓa yin aiki kamarsa ba, kuma bai sake ba. A fuskar gaba ya sassaƙa sunan Rihei da haruffa masu zurfin da yatsa ke shigewa, a gefen dama ya sa rana da wuri da kalmar faɗuwa a fagen fama. A bazarar 1947 aka kafa shi a maƙabarta kusa da dutsen kabarin zuriyarsu, aka binne tsakuwar a ƙarƙashinsa.

Dawowar mamaci

Ranar ashirin da uku ga Nuwamba, 1948, da tsakar rana, wani ramammen mutum mai tsohuwar rigar soja ya sauka a tashar jirgin ƙasa ya kama hanyar ƙauyen, wadda ke bi ta gefen maƙabarta. An ga ya tsaya, ya shiga, ya daɗe. Daga nan ya wuce kai tsaye rumfar Miyatake, inda Kumezo ke duƙe a kan wani dutse ya ba ƙofa baya.

"Sannu da aiki, Yaya," in ji baƙon. "Na biyo ta gidana tukuna. Gini kam ya yi kyau, sai dai ba a shawarce ni ba."

Guduma ta suɓuce daga hannun Kumezo. Ya juyo, ya kama fuskar mutumin da hannu biyu yana shafawa kamar yadda yake duba dutse ko da tsaga, sa'an nan ya fashe da kukan da bai yi ba ranar da aka kawo akwati. Rihei ne. Shekara uku ya yi a sansanin fursunoni a Siberiya yana saran itace. Asalin kuskuren kuwa shi ne rigar da ya ara wa wani abokinsa mai jin sanyi, da sunansa ɗinke a ƙirjinta, abokin kuwa da ita ya mutu a jikinsa.

Washegari da safe Kumezo ya saɓa babbar guduma ya nufi maƙabarta. Shika ta bi shi da gudun tsufa, Rihei na biye yana tauna dankali.

"Me dutsen ya yi maka?" in ji tsohuwar.

"Ƙarya ce a jikinsa, Inna, kuma hannuna ya rubuta."

"To ka fasa kanka mana, ka bar dutsen ubanka! Ba ga jan fenti ba? Ka cika sunan da ja kamar yadda ake yi wa kowane mai rai."

Al'ada ce da kowa ya sani: wanda aka riga aka sassaƙa sunansa alhali yana numfashi, da ja ake cike haruffan, ranar da ya cika a wanke jan. Kumezo ya yarda da wannan, amma ya ce sai ya kankare gefen da ke ɗauke da ranar. Nan ma tsohuwar ta tsaya kai da fata cewa ba a ɗora kurfi a dutsen mai rai, kiran ajali ne. Sai Rihei ya daina tauna, ya yi magana da wata murya da ba su san shi da ita ba.

"Bar min ranar nan, Yaya. An mutu a cikinta, ni ne dai ban mutu ba. Mu biyar ne a rami, ni na binne huɗun da hular ƙarfe, ko sanda ban samu na kafa musu ba." Sai kuma tsohon halin ya dawo. "Ranar da na mutu na gaske ka gyara yadda ka ga dama. Amma da hannunka fa, ba na son aikin yara."

"Na girme ka da shekara tara, mahaukaci."

"To sai ka daure."

A kan haka aka tashi. Tun daga ranar Kumezo ya zauna da buri guda da tsoro guda, kuma abu ɗaya ne: yana son ya gyara ƙaryar nan kafin ya bar duniya, ba zai iya gyara ta ba sai ya binne ƙaninsa.

Shekarun ƙarfi

Wannan al'amari ya sauya tsarin aikinsa baki ɗaya. Daga 1949 ya kafa sharaɗi cewa ba zai sassaƙa ranar mutuwar kowa ba sai ya ga gawar da idonsa, ko wanda ya taɓa ta da hannunsa ya zo ya faɗa masa baki da baki. Takardar hukuma, komai girman hatiminta, yakan karɓa da ladabi ya mayar. Iyalan masuntan da teku ta cinye sun sha fushi da shi, domin suna kawai yake sa musu ya bar gurbin rana fili. Wasu sun kai aikinsu wata rumfa, kuma mutanen Mure, waɗanda ba sa barin abu ya wuce ba suna, suka laƙaba masa "Sai-na-gani". Bai taɓa jin haushin laƙabin ba, yakan ce ai gani ya kori ji.

Rihei kuwa sai da ya yi kusan shekara yana sintiri kafin a mayar da sunansa cikin rajistar masu rai, saboda wani akawu ya dage cewa a rubuce ya mutu. A 1952 ya buɗe shagon taliya a kan hanyar mahaƙa, ya auri wata bazawara mai suna Sadano, kuma masu fasa dutse suka riƙa cika shagon suna kiran abincinsa taliyar mamaci.

Kowace bazara, a makon ziyarar kaburbura da dare da rana ke daidaita, 'yan'uwan biyu sukan hau maƙabarta, Kumezo da gwangwanin jan fenti da siririn burushi, Rihei da bokitin ruwa da wainar shinkafa. Rihei yakan wanke kabarinsa da kansa, ya ajiye wainar, ya haɗa hannu ya gaishe da kansa, sa'an nan ya ɗauke ya cinye.

"Duk maƙabartar nan ni kaɗai nake cin sadakata," yakan ce. "Yaya, ka cika jan nan sosai, bara ka yi min rowa, na yi mura har sau biyu."

"Rufa min baki, kana sa hannuna yana karkacewa."

Amma kafin su sauko raha takan ɗauke. Rihei yakan koma gefen dama, ya ɗora tafinsa a kan ranar, ya kira sunaye huɗu a hankali: Onodera Seiji, Kuroiwa Bunta, Tabata Yoshizo, Hamano Kiichi, kowanne da garinsu da shekarunsa. A lokacin Kumezo yakan duƙufa a kan burushinsa kamar ba ya ji, kuma bai taɓa tambayar komai a kansu ba.

Shika ta rasu a 1959 tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan ta ga an shafa jan sau goma sha ɗaya.

Zuwan injuna

Daga tsakiyar shekarun 1960 sana'ar ta sauya kama. Zarton lantarki ya maye gurbin masu fasawa, injin gurza ya hutar da mata, aka kuma kawo na'urar da ke feshin yashi ta fitar da haruffa cikin sa'a guda, aikin da a da yakan ci mako. Kumezo bai yi jayayya da zamani ba, sai dai bai gaisa da shi ba. Cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya so ƙura. Fusako ce, wadda tun tana ƙarama take leƙen hannunsa, ta koyi rubutu da sassaƙa, duk da surutun masu cewa ba aikin mata ba ne. A 1982 ya miƙa mata rumfar da injunanta, ya riƙe wa kansa kusurwa guda da maƙera da 'yan kurafu.

A wannan kusurwa, kowace safiya, yakan ɗauki ɓaraguzan dutse ya sassaƙa lambobi daga ɗaya zuwa goma da kalmomin shekara da wata da rana, don kada hannu ya manta. Kowa ya san dalili. Rihei in ya kawo masa taliyar rana yakan tsaya a kansa ya ce: "Ana ta atisayen kashe ni ke nan? Wane wata aka zaɓa min yau?" Kumezo yakan ce masa watan da ya daina surutu.

A watan Fabrairu na 1988 Kinue ta rasu bayan zaman aure na kusan shekara hamsin da ɗaya. Aka sassaƙa sunanta a dutsen zuriya, aka sa na mijinta a gefe aka cike shi da ja. A bazarar da ta biyo, Rihei ya dubi sabon jan ya ce: "Barka da zuwa unguwarmu, Yaya. Ka ga ba zafi." Shi ne karo na farko da aka ji dariyar Kumezo tun bayan rasuwar, kuma daga shekarar gwangwani ɗaya ya riƙa yi musu su biyu.

Jinya

A hunturun 1994 ciwon da ya ɗauki mahaifinsa ya kwantar da Kumezo a asibiti, har likitoci suka ce a kira 'ya'ya. Ya gaya wa Fusako cewa ba mutuwar yake tsoro ba, kunyar haɗuwa da Isaburo yake ji da ƙarya a bayansa. Da hantsi Rihei ya shigo da kwanon romo, ya kori kowa, amma Fusako ta ji su ta bakin ƙofa.

"Tashi, malalaci. In ka riga ni wa zai gyara? Injin feshin yashi? Ni da na sha sanyin Siberiya a yi min aikin inji?"

"To ka yi sauri mana," in ji Kumezo da ƙyar.

"Ban shirya ba. Kai za ka jira."

Ko romon ne ko zagin, bayan mako shida Kumezo ya koma gida da ƙafarsa. Ganinsa ya ragu ƙwarai, numfashi ya zama na awo, amma atisayen safiya bai fasa ba, sai dai yanzu yatsa ke duba abin da ido ya kasa.

Gyaran dutse

Ranar ashirin ga Yuni, 1999, Rihei ya faɗi a shagonsa da safe yana murza ƙullu, bai sake tashi ba. Yana da shekara saba'in da takwas. Da aka kai wa Kumezo labari, sai ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ya daɗe a gaban gawar. Ya kira sunan sau uku, ya shafa fuskar da hannu biyu, ya ja kunnen kamar yadda yake yi masa suna yara, ya jira. Sa'an nan ya ce da Sadano: "Wannan karon na gani." Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa jin magana mai ciwo irin wannan ba.

Bisa al'ada ƙone gawa ake yi, sai kwana na arba'in da tara ake kai ƙasusuwa kabari, don haka kwanakin da ke tsakani su ne duk abin da yake da shi. Malamin haikali ya zo ya yi addu'ar sallamar dutse don a sami damar taɓa shi. Washegari Fusako, wadda ita ma a lokacin ta cika sittin, ta hau da injin gurza don ta kankare masa gefen dama ya sami fili.

"Mayar da abin nan mota," in ji shi.

"Baba, shekara hamsin kana jiran a share ranar nan."

"Ba sharewa zan yi ba. Miƙo min alli."

Ya laluba ƙasan tsohuwar ranar, ya fara zana sunaye. Fusako ta karanta: Onodera Seiji, Kuroiwa Bunta, Tabata Yoshizo, Hamano Kiichi, kowanne da garinsu da shekarunsa, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ashe duk shekarun da yake yi kamar ba ya ji, haddacewa yake.

"To sharaɗinka fa, Baba? Ba ka ga gawarsu ba."

"Wanda ya binne su da hannunsa ya gaya min baki da baki, sau hamsin da ɗaya. Wace shaida ta fi wannan? Ranar gaskiya ce, 'yata. Masu ita ne ba a rubuta ba."

Kwana ashirin da shida ya yi yana aikin a cikin zafin Yuli, yana da shekara tamanin da shida, Fusako na riƙe masa laima tana gyara bakin kurfi. Yakan buga sau goma ya huta ya nemi numfashi. Sau biyu tari ya kayar da shi, Noboru ya zo daga Kobe ya roƙe shi ya bari a ƙarasa da inji, Kumezo ya ce masa Rihei ya hana aikin yara. Da ya gama sunayen huɗu ya koma gefen hagu, wanda ke fili tun 1947, ya sassaƙa ranar Rihei ta gaskiya. Masana sun ce haruffan ba su kai na gaba kyau ba, layi ɗaya ma ya ɗan karkace, amma babu kuskure a cikinsu.

Aiki na ƙarshe shi ne wanke jan. Ya ce wa Fusako ta jira shi a ƙofar maƙabarta, ya yi shi kaɗai. Ranar bakwai ga Agusta aka zo da tulun ƙasusuwan, aka ɗaga murfin, aka tarar da tsakuwar hanyar jirgin ƙasa tana nan inda aka bar ta. Kumezo ya ce a bar ta, ta riƙe wa mai gida wuri shekara hamsin da biyu, ba a korar mai gadi. Bayan ranar bai sake riƙe kurfi ba.

Rasuwa da waɗanda ya bari

Wa'adin Miyatake Kumezo ya cika da safiyar Juma'a, biyu ga watan Maris na shekarar 2001, a gidan da aka haife shi, yana da shekara tamanin da takwas, saura kwanaki kaɗan a shiga makon ziyarar kaburbura. An yi masa jana'iza a haikalin ƙauyen, inda masu fasa dutse da masassaƙa na Mure da Aji suka rufe rumfunansu suka halarta. An ƙone gawar bisa al'ada, kuma a kwana na arba'in da tara aka ajiye ƙasusuwansa a ƙarƙashin dutsen zuriya kusa da na Kinue, taku uku daga dutsen ƙaninsa. Fusako ce ta wanke jan sunansa ta sassaƙa ranar da hannu, bayan ta cika sharaɗin gidan, domin ita ta rufe masa ido.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Fusako, mai riƙe da rumfar Miyatake a Mure, Noboru, tsohon injiniyan jirgin ruwa mazaunin Kobe, Michiyo, malamar makaranta a Marugame, da Shigeharu, mai gonar lemo a tsibirin Shodo. Ya kuma bar jikoki tara da tattaɓa-kunne huɗu.

Dutsen Rihei yana nan a jeri na uku daga ƙofar maƙabarta, da sunaye biyar da ranaku biyu. Masu ziyara sukan lura cewa a ƙasan harafin ƙarshe na sunan gaba akwai ɗan zane guda da har yanzu ja ne, sai su ɗauka idon tsohon ne bai gani ba. Fusako ta san ba haka ba ne, domin ranar ba ta tsaya a ƙofa kamar yadda aka umarce ta ba. Ta ga ya wanke kowane harafi tas, yana bi da yatsa, har ya iso wannan zanen. Ya ɗora burushin a kai, ya daɗe, sa'an nan ya janye hannunsa ya zubar da ruwan.